Na Tuba, Amma Har Yanzu Mudu Biyu Gare Ni

Tambaya: Baba Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni mai awon masara ne a wata kasuwar mako a kudancin Kaduna. A gidan Kirista aka haife ni, amma sai bara, a wani taron farkawa, na ba da zuciyata ga Yesu da gaske, aka yi mini baftisma. Watannin farko ko barci ba na so, sai addu'a da waƙa. Yanzu zafin ya huce. Kuma har yau mudu biyu gare ni, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Shin tubana na ƙarya ne? Yaya mutum zai bi Yesu da dukan zuciyarsa bayan ya ba da gaskiya?

Amsa: Ɗana, ina amsa gaisuwarka. Bari in fara sauke maka nauyi ɗaya. Shekara nawa kana awo da mudun nan biyu kana barcinka har da minshari? Yau ga shi sun hana ka sakat har ka rubuto. Gawa ba ta jin tsinke. Wannan damuwar da kake ji aikin Ruhu Mai Tsarki ne, don haka ban ga alamar ƙarya a tubanka ba.

Maganar zafi da ya huce kuwa, ba ta tayar mini da hankali sosai. Wutar kara ce, da ita ake hura itace, amma ba a dafa tuwon gida da ita. Abin da ke biyo bayanta shi ne almajiranci, kuma a nan mu masu jin Hausa mun yi sa'a. Waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932 bayan aikin shekaru na su Dokta Walter Miller na Zariya da Wusasa, kalmar "almajiri" suka ɗauka don mabiyan Yesu. Kowa a ƙasar nan ya san ko wane ne almajiri. Yana zaune gaban malaminsa, yana biya abin da aka biya masa, yana zuwa aike, yana taya noma, har tafiyar malam da yadda yake gyara murya sai ya kwaikwaya. Ba a zama almajiri da dare ɗaya na kuka a gaban bagade. Ka lura kuma, sunan Kirista sau 3 kacal ya fito a Sabon Alkawari, na farko a Antakiya (Ayyukan Manzanni 11:26), amma almajiri ya fito fiye da sau 250.

A Luka 9:23 Yesu ya ce wanda zai bi shi ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Kalmar da mutane ke tsallakewa ita ce "kowace rana". Naka gicciyen, a yanzu dai, yana rataye a rumfarka, na kwano ne, an ɗan buga gindinsa ciki don ya rage ci.

Kada ka zaci Allah bai san harkar awo ba. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana a ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, ko a jaka ko a gida. Karin Magana 11:1 ta kira ma'aunin zamba abin ƙyama ga Ubangiji. Annabi Amos, a sura 8, ya yi kaca-kaca da 'yan kasuwar da ke ƙosawa Asabar ta wuce su koma tauye mudu, suna haɗa hatsi da ƙaiƙayi suna sayarwa. Ka tuna matar da ke zuwa da yamma da 'yar jakar leda, ta kwance bakin zane ta ƙirga kuɗin mudu biyu, ta ce maka "a cika mini, yara ne da yawa". Tafin hannu ɗaya da mudunka ke cinyewa, a tukunyarta ake ganinsa.

Na san abin da za ka ce: riba za ta ragu, ga kuɗin mota, ga la'adar dillali, ga 'yan dako. Gaskiya ne, za ta ragu, ba zan yi maka daɗin baki ba. Wasu masu wa'azi za su ce maka ka gyara mudu yau, gobe Allah ya ninka maka buhuna. Ban ga inda aka yi wannan alkawarin ba. Abin da na gani shi ne Luka 14:28, inda Yesu ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. To, zauna ka yi naka lissafin. In ribar ba ta fita da mudu ɗaya, ƙara kuɗin a fili, ka faɗa wa mai saye. Tsada da gaskiya ba zunubi ba ce.

Sai maganar baya. Zakka mai karɓar haraji na Yariko, ranar da Yesu ya shiga gidansa, ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa riɓi huɗu (Luka 19:8). Ba za ka iya nemo duk wanda ya taɓa awo a wurinka ba. Amma akwai abokan cinikin da ka san fuskarsu, ka san ƙauyensu, akwai manoman da ka auna wa da babban mudu lokacin kaka sa'ad da suke cikin matsi. Da su za ka fara. Za ka ji kunya, ƙwarai kuwa. Ba da kuɗin za ka sayi gafara ba, wannan an biya a kan gicciye. Wanda aka gafarta wa ne yake mayarwa.

Kada kuma ka yi tafiyar nan kai kaɗai. Ko Bulus, da ya ga haske a hanyar Dimashƙu, sai da Hananiya ya ɗora masa hannu, sai da Barnaba ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni. Masu bi na farko abu huɗu suka riƙe: koyarwar manzanni, zumunta, gutsuttsura gurasa, da addu'a (Ayyukan Manzanni 2:42). A nan ikilisiyoyinmu suna da laifi, har da mu fastoci. Muna cika ajin baftisma, mu fitar da mutum daga ruwa, mu ba shi kati, shi ke nan sai ranar da za a tambaye shi zakka da baiko. Don haka kada ka jira a neme ka. Nemi dattijo ɗaya a ikilisiyarku, ba lallai wanda ya fi iya magana ba, wanda dai matarsa da maƙwabtansa ke shaidarsa. Faɗa masa maganar mudun nan da bakinka, ka ba shi izini ya riƙa tambayarka.

Karatu kuma ka rage buri. Sura ɗaya ta Markus da asuba kafin ka fita, sura 16 ce duka, ka gama cikin mako biyu da 'yan kwanaki, ka sake komawa. Kana karantawa kana tambaya: me Malamina ya yi a nan, me zan kwaikwaya yau? Ranar da ka fāɗi, don za ka fāɗi, ka tuna Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, aka kuma tambaye shi sau uku a bakin teku ko yana ƙaunarsa, aka mayar masa da kiwon tumaki (Yohanna 21).

Ranar kasuwa mai zuwa, ka bar ƙaramin mudun a gida. Ko ma dai ka kai wa dattijon nan ya ajiye, don na san halin zuciya in ciniki ya yi sanyi da la'asar. Bayan kaka ka sake rubuto mini, ina so in ji yadda lissafin ya kaya.