Guza a akurkin kaji: ɗan'uwan maciji ne?

Tambaya daga wani manomi a Mai Wurno, kusa da Sinnar: "Guza yana fitowa daga tur'a (magudanar ruwan ban-ruwa) yana shanye mini ƙwan kaji. Harshensa a rabe yake irin na maciji, yara ma sun daina zuwa bakin ruwa. Yana da dafi? In sa masa guba?"

Malam, kar ka sa guba. Kajinka da karenka ne za su fara cin ta, ruwan ban-ruwa kuma ya kwashe sauran zuwa gonar maƙwabci.

Game da dangantakar, idonka ya gani daidai. Harshen nan mai baki biyu da shi yake ɗebo ƙanshi daga iska ya kai can cikin ganɗarsa, kamar yadda maciji ke yi, shi ya sa yake gano inda kaza ta ɓoye ƙwai. Masana sun sa guza da damo da macizai a babban reshe guda mai tushe ɗaya. A shekarar 2006 wani masanin dafi mai suna Bryan Fry da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna dangin guza suna da ƙullin dafi a muƙamuƙin ƙasa. Sai dai ba shi da fiƙar zuba dafi irin ta kasa ko kububuwa. Abin tsoro a cizonsa shi ne rauni ya ruɓe. A wanke da sabulu da ruwa mai yawa, a je asibiti a yi allurar tetanus. In ba a ga abin da ya yi cizon ba, a ɗauke shi a matsayin saran maciji, a garzaya.

Ni dai ba na son a kashe shi, domin yana cin ɓeraye da dodon koɗi da ƙwan kada, har da ƙananan macizai.

Akurkin za ka gyara. Ka zagaye shi da ragar waya mai ƙananan ido, ka binne gindinta kamar kamu ɗaya a ƙasa, don yana tono. Ka rufe sama ma, gwanin hawa ne. Da rana yake yawo, saboda haka ka riƙa kwashe ƙwai da hantsi da kuma bayan azahar, ka share ciyawar da ke tsakanin tur'a da gida. Babba yakan kai mita 2, wutsiyarsa kuma bulala ce, don haka ka gaya wa yara in sun gan shi su ba shi hanya ya faɗa ruwa, kada su ritsa shi a lungu.