Kayan gwanjo a gida: wanne za a ɗauka, wanne za a bari?

Tambaya: Mun koma sabon gida, kuma kuɗin hannunmu ba za su isa mu sayi komai sabo ba. Na ga kujerun kushin da wani kabad na katako a wajen masu gwanjo, duk sun kwanta mini a rai. Maigidana ya ce in haƙura, wai wanda ya sayar ya san abin da ya gani. In saya ko in bari?

Amsa: 'Yar'uwa, maigidanki bai yi ƙarya ba, amma maganarsa ta fi shafar kujerun. A gwanjo katako da ƙarfe ake nema. Yadi da soso su ne maɓoyar matsala.

Babban abin tsoro a kushin shi ne kuɗin cizo. Yana iya yin watanni bai sha jini ba kuma bai mutu ba, don haka kar a ruɗe ki da cewa kujerar ta daɗe a ajiye. Ki tafi da tocila. Ki ɗaga matasan, ki buɗa ɗinkin da yatsa, ki sa a kifa kujerar ki leƙa ƙarƙashinta. In kin ga baƙaƙen ɗigo kamar an yarfa tawada, ko fararen ƙwai 'yan mitsi-mitsi, ki wuce ko kyauta aka ba ki. Ni kaina na taɓa kwasar wata kujera don kyan yadinta, ban kifa ta ba saboda kunyar mai kayan. Wata biyu muna susa da feshi kafin muka huta. Idan katakon kujerar lafiyayye ne, ki kai ta wajen masu gyara tun kafin ta shiga gidanki, su yaye yadin da soson su sa sababbi. Sai ki haɗa kuɗin gyaran da na saye ki ga ko har yanzu akwai sauƙi. Rigar matashi da labule ki wanke su da ruwa mai zafin digiri 60, yana kashe ƙwaron da ƙwansa. Katifa kuwa kar ma ki taya.

Kabad ɗin ne ya fi ba ni sha'awa. Ki zaro durowa gaba ɗaya ki dubi kusurwarta. In katakon ya shiga juna kamar yatsun hannu biyu, kafinta ya yi aiki. Ki kuma dubi bayansa, inda ba a shafa komai ba: icen gaske za ki ga jijiyarsa, na garin zarto da aka matse da gam kuwa za ki ga ɓurɓushi, kuma da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura, ba ya gyaruwa. Ki ƙwanƙwasa ƙafafun. In gari mai laushi ya zubo daga ƙananan huji, akwai ƙwaro a ciki yana ci. Tabo da ƙarce ba komai ba ne, man goge katako zai rufe yawancinsu.

In tsohon fenti ne a jikinsa, ki yi hattara. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, Amurka ma sai a 1978 ta hana amfani da irinsa a gidaje. Kar a kankare shi a bushe a cikin gida, musamman in akwai yara, domin ƙurar ce ke cutarwa. Kuma ki auna faɗin ƙofarki kafin ki biya.

Tambaya: Wani ya tallata mini fitilar tebur, ya ce ta tagulla ce zalla kuma tsohuwar gaske. Ta yaya zan gane?

Amsa: Malam, ka nemi maganaɗisu ka kara a jikinta. Tagulla ba ta kama shi. In ya manne, ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla, sai ka biya kuɗin ƙarfe. Batun tsufa kuma, masu wannan sana'a ba sa kiran abu kayan tarihi sai ya kai shekara 100, kuma bakin mai talla ba shaida ba ne. In ta yi maka kyau ka saya don kyanta. Amma kar ka jona ta sai mai gyaran lantarki ya canza wayar, don robar tsohuwar waya tana bushewa ta tsattsage.

Tambaya: Na tara kayan gwanjo masu kyau, amma falona ya koma kamar shago. Ina kuskuren?

Amsa: Hajiya, araha ce ta ja ki. Ki fitar da rabi zuwa wani ɗaki ki zauna mako guda, abin da ba ki yi kewarsa ba ki sayar. Sauran ki haɗa su da launi ɗaya: kujeru huɗu daban-daban in aka yi musu yadi iri guda sai a ɗauka tare aka saye su. Tsofaffin faranti masu zane ki rataye su wuri ɗaya a bango. Can ɗin ma ya fi dacewa da su, don ƙyallin wasunsu yana da dalma, bai kamata a ci abinci a ciki ba.