Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ruwan Famfo Yake Dawowa Jajir?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A unguwarmu ruwan famfo yakan ɗauke kwana da kwanaki, idan kuma ya dawo sai ya fara zuwa jajir da laka, wani lokacin har da ɗan wari. Shin ba a tace shi ne? Kuma zan iya ba yarana su sha?
Daga wata uwargida, Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ana tace shi, kuma aikin ba ƙarami ba ne. Akasarin ruwan famfon birnin nan daga kogin Kano da kogin Challawa ake ɗibansa, waɗanda madatsar Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da madatsar Challawa da ke Ƙaraye suke riƙe musu ruwa. A matatun Tamburawa da Challawa ana zuba masa alam domin laka ta dunƙule ta kwanta, a bi da shi ta cikin yashi, sannan a sa kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, kafin injuna su tura shi manyan tankuna irin na Goron Dutse. Da damina kogi ya fi kawo laka, don haka alam ɗin yana ƙaruwa, yashin ma sai an riƙa wanke shi a kai a kai.

Mafi yawan abin da kike gani, a kan hanyar zuwa gida yake samun ruwan. Muddin bututu yana cike kuma ruwa yana tafiya da ƙarfi, ko da ya tsage, ruwan ne yake fita waje, datti ba ya samun ƙofar shiga. Amma da zarar wutar lantarki ta ɗauke injuna suka tsaya, bututun ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wannan tsagar. Ki duba lungunanmu ki ga yadda ƙananan bututun gidaje suke ratsa kwata, wasu an ɗaure su da robar taya. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, domin ta nan taifod da kwalara suke shigowa gida. Jan kuwa yawanci tsatsar tsofaffin bututun ƙarfe ce da lakar da ta kwanta, waɗanda ruwa yake kwasowa idan ya dawo da ƙarfi.

Saboda haka kada ki tari ruwan farko don sha. Ki bar shi ya zuba har ya yi garau, ki yi ban ruwan shuka da wanda ya fara fitowa. Na sha kuwa ki tafasa shi sosai, ki adana a randa mai murfi da moɗa ta musamman, domin hasken ruwa ba ya nuna cewa babu cuta a cikinsa. Idan warin bai tafi ba, maigida ya kira mai gyaran famfo ya ɗaga bututunku daga cikin kwata, a kuma sanar da mai unguwa da ofishin hukumar ruwa mafi kusa wurin da ake ganin ruwa yana tsattsafowa.