Amsa: Motata na zubar da baƙin mai tsakanin inji da giyabos

Malam, sannu da fama. Ka ce kullum da safe kana tarar da ɗigon baƙin mai a ƙasan Corolla ɗinka, kuma bakanike ya ce sil ɗin karanshaf ne, wato robar da ke hana mai fita ta bakin babban shaf ɗin da ke juyawa a cikin inji.

Kafin a kwance komai, ka sa a wanke injin tas, ka yi kwana biyu kana hawa, sannan a haska da tocila. Sau da yawa gasket ɗin murfin saman inji ne ke tsiyaya, man ya gangaro ƙasa. Ni an taɓa sauke min giyabos a banza saboda haka, har yau abin yana min ciwo.

Sil ɗin guda biyu ne. Na gaba yana bayan fuli, wato wilin da ke juya bel, aikinsa da sauƙi. Naka kuwa, in dai shi ne, na baya ne: sai an sauke giyabos da fulawil, wato babban faifan ƙarfen da ke tsakanin inji da giyabos. Robar ba tsada, kuɗin aikin ne mai nauyi, don haka in ka shiga Panteka kada ka yi ƙwauron kuɗi, nemi orijina. In motar mai kuloci ce, a duba faifan kulocin, mai ya kan jiƙa shi.

Ka tsaya a wurin lokacin sawa. A shafa yatsa a bakin shaf ɗin. In ya yi zurfi inda tsohon sil ya ci, sabon ma zai zubar. A shigar da shi daidai wa daida, ba a buga masa sukundireba ba. Sannan a duba bawul ɗin PCV, wanda ke fitar da iskar da ke taruwa a cikin inji, in ya toshe, iska ce za ta sake turo man waje.

Allah ya sa a dace.