Me ya sa tsiro ke yin tsawo siriri ya karkata?

Tambaya: Na shuka iri a tukwane na jera a bakin taga. Sun tsiro, amma sai tsawo ba kauri, duk sun karkata wajen tagar, wasu har sun kwanta. Taki ne ya yi musu kaɗan? Sannan rassan da na yanka na dasa sun ruɓe ba su yi saiwa ba.

Amsa: Malam, kada ka ƙara taki, haske ne bai ishe su ba. A kan tsiro akwai sinadarin fototirofin mai gane shuɗin haske. Idan hasken ta gefe guda yake zuwa, sinadarin girma mai suna oksin sai ya taru a gefen inuwa. Gefen nan ya fi ɗayan miƙewa, dole kara ya lanƙwasa wajen taga. Tun 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis suka nuna cewa in aka rufe kan tsiro da 'yar hula mai hana haske shiga, ba ya karkata.

Tsawon kuma aikin fitokurom ne, wanda ke auna jan haske. Ganye na shanye jan haske, don haka tsiron da ke cikin cunkoso yakan ɗauka maƙwabta sun rufe shi, sai ya zuba ƙarfinsa a kara, saiwa ta tashi a tutar babu. Rage su, ka bar ɗaya a kowace tukunya, ka fitar da su rana kaɗan-kaɗan cikin mako guda don kada ganyen ya ƙone. Juya tukunya kullum yana hana karkata, amma ba ya maganin sirancewa.

Batun reshe: yanki mai tsawon santimita 10 zuwa 15, ka datse shi dab da ƙasan gaɓa, ka cire ganyen ƙasa. Tsoma gindin a garin IBA, wani nau'in oksin ne da ke sa saiwa fita, mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari ga ɗanyen reshe, har 0.8 ga wanda ya ƙosa. Ka kaɗe rarar garin, domin oksin in ya yi yawa hana saiwa miƙewa yake yi. Kada ka dasa shi kai ƙasa: oksin daga sama yake gangarowa, a gindi saiwa ke fita. Ruɓewar kuwa galibi yawan ruwa ne. Dasa a yashi mai laima, cikin tukunya mai huji, a inuwa mai haske.