Hukuncin sayar da tufafin mata ta waya da karɓar kuɗi kafin kaya su zo hannu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce a wani ƙauye na ƙasar Ringim, ina sayar da atamfa da leshi da dogayen riguna ta WhatsApp, kuma ina son sana'ar ta bunƙasa. Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana turo mini hotunan kaya, in ɗora ribata in yaɗa. Idan mace ta zaɓa ta biya, sai in tura masa kuɗinsa ya ba direba saƙon. Wani mai wa'azi ya ce kuɗin haram ne domin mata suna fita da kayan ba lulluɓi. Shin in daina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kada ki daina, amma akwai abin gyara a cinikinki, kuma ba shi ne abin da aka tsorata ki da shi ba.

Halascin kasuwancin tufafi ga mace ba abin saɓani ba ne. Maganar mai wa'azin kuwa, ko da kishin addini ne ya sa shi, ba ta tsaya a kan hujja ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ba Sayyidina Umar rigar alharini, alhali alharini haramun ne ga maza, ya kuma bayyana masa cewa ba don ya sa ya ba shi ba; a wata ruwayar ya ce ya sayar ya amfana da kuɗin. Wannan ya nuna cewa duk abin da yake da hanyar amfani ta halal ana sayar da shi, zunubi kuma yana kan wanda ya karkata shi. Rigar da wata ta fita da ita kasuwa, ita ce wata take sawa don mijinta ko a taron biki na mata zalla. Da za a bi ƙa'idar mai wa'azin, da an hana sayar da turare da lalle da zinariya, abin da babu malamin da ya faɗa. Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matse, to a nan sani ne a kan mutum takamaimai, ba zato a kan jama'a ba. Idan wata ta faɗa miki da bakinta cewa don alfasha take so, ita kaɗai za ki hana.

Inda matsalar take shi ne sayar da abin da ba ki mallaka ba, wanda Annabi (SAW) ya hana Hakim ɗan Hizam. Turmin da ke hoton yana shagon mai shi, yana iya sayar wa wani kafin kuɗinki ya isa, rigima kuma daga nan take farawa. Mafita mafi sauƙi a gare ki ita ce wakilci: ku yi yarjejeniya da ɗan kasuwar cewa kina sayar masa a kan lada sananne, ko ki gaya wa mai saye cewa sayowa za ki yi mata a kan lada kaza. Akwai kuma cinikin salam, wato ki ɗauki nauyin kawo kaya mai siffa bayyananna, iri da launi da yawan yadi, a karɓi kuɗin tun farko, a yanke ranar bayarwa. Mai littafin Risala na fiƙihun Malikiyya ya fi son wa'adin ya kai kwana 15, shi ya sa nake ganin wakilci ya fi dacewa da kayan da ke zuwa daga Kano kwana ɗaya ko biyu. Idan jarinki ya yi ƙarfi, ki sara ki ajiye.

Ki ji tsoron Allah wajen siffanta kaya. Shaddar da aka yi a Sin kada ki kira ta Getzner, kuma idan hoto ya fi kaya kyau, mai saye tana da haƙƙin mayarwa. Kada ki ɗauki hoton kanki ko na 'yan matan gidanku sanye da kayan; ki shimfiɗa su ko ki rataye. Idan kin ba da bashi, farashi ɗaya za ku tsayar tun farko, ƙari saboda jinkiri riba ce haramtacciya. Ki riƙa rubuta bashi ko na 'yar'uwa ne, ki raba kuɗin jari da na cefane, domin na ga sana'ar mata da yawa ta mutu a nan. Ki sanar da maigida duk mu'amalarki da ɗan kasuwar, magana ta tsaya a kan ciniki. In jari ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo, ki ƙiyasta kayan da ke hannunki ki haɗa da tsabar kuɗi ki fitar da ɗaya bisa arba'in.

Wallahu a'alam.