Bambancin hoton SPECT na ƙashi da hoton CT

Malam, ka tambayi abin da ya raba SPECT da aka rubuta wa mahaifinka da CT. CT siffar ƙashi yake nunawa, SPECT kuwa aikin da ke gudana cikinsa.

Don hoton SPECT, za a yi masa allurar teknetiyam-99m a jijiya, sinadari mai fitar da haske na musamman (radiyeshan) da kyamara ke ɗauka, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk awa 6. Ya jira awa 2 zuwa 4 yana shan ruwa, ya yi fitsari kafin ya kwanta, don cikakkiyar mafitsara tana rufe ƙashin ƙugu. Kyamara ta zagaya jikinsa, kwamfuta ta haɗa hotunan yanki-yanki. Kada ya motsa, motsi na ɓata hoto.

Wurin da ya yi haske a hoton ba lallai ciwon daji ba ne. Karaya da amosanin gaɓɓai ma suna haskawa.